Kyamarar da Kawu Ya Taya wa Shamsiyya

Duk matar da ta je biki a Haɗeja cikin 'yan shekarun nan ta ga ƙanwata Shamsiyya. Ita ce gajeruwar nan mai hijabi ruwan toka, wadda ke ratsa mata da wata ƙatuwar kyamara a wuya, bakinta zuƙeƙe kamar taɓarya. Shamsiyya mai hoto ake ce mata. Mata na nuna kyamarar nan da baki suna cewa kai, yarinyar nan ta san abin da take yi. Ni kuwa, yayarta Hajo, da na ga abar nan a wuyanta sai haushi ya kama ni. Na gaji da jin ana yabon ta, shi ya sa zan faɗi yadda aka yi.

A bakin kogi muka tashi. Babanmu masunci ne, ni ma har yau bandar kifi nake sayarwa a kasuwa, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Shamsiyya ba haka take ba. Tun tana ƙarama mai kallo ce, sai ta zauna a gefen murhu tana kallon Inna tana gyaran kifi har a manta tana wurin. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa muka birkice gida muna neman hotonta, ba mu samu ba sai na jikin katin zaɓe, ta zaro ido kamar wadda aka kama da kayan wani. Masu hoton garin nan duk maza ne, iyakarsu zaure, ita kuwa Inna ba ta taɓa taka shagon mai hoto ba. Ni na yi kukana na share. Shamsiyya ce abin ya zauna wa a rai.

Ta auri Yunusa, mai noman shinkafa a fadama, ta kama sana'ar turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a gida. Da ta samu waya mai hoto sai ta fara ɗaukar mata a suna da biki, can cikin ɗaki inda namiji ba ya shiga. Ba a ɗauke ta da daraja ba. A ba ta kwanon tuwo da ɗan abin hawa mashin, a ce an gode. Kuma ita kanta ba ta gamsu ba, don kowa ya san ɗakunanmu: taga kamar tafin hannu, wuta sai an ga dama a kawo. Fuska ta fito dishi-dishi, in aka ce a wanke hoton babba don a rataye sai ya farfashe.

Ta duƙufa tana koyo a waya, tana kallon masu hoto na ƙasashe suna bayani. Ta zo ta tasa ni a gaba ina ƙirga kifi tana yi mini karatu, har na haddace ba da son raina ba. Akwai kyamarar da ake kwance mata gilashin da ke bakinta a ɗaura wani. Gilashin nan shi ne komai. Dogo na jawo abin da ke nesa ne. Gajere, mai faɗin gani, mai shan haske sosai, shi ne na ɗaki mai duhu, shi zai kwashe amarya da ƙawayenta da jerenta gaba ɗaya ko da mai hoto ta jingina da bango. Shi take so, da 'yar kyamara ta hannu wadda ba ta sha wuya ba. Burinta ke nan a duniya, ta yi hoto na gaske a ɗakin mace.

Ta daɗe tana tarawa. Wata shekara ambaliya ta cinye shinkafar Yunusa tana gab da nuna, abin da ta ɓoye ya tafi a cefane, ta koma farko. Daga baya ta yi kiwon raguna biyu ta sayar gab da babbar salla. Abin da ya taru ya isa kyamara ɗaya ta hannu da gilashi ɗaya, sau ɗaya. In aka yi kuskure, sai dai a sake jiran wasu shekaru.

A nan Kawu Gwadabe ya shigo. Ƙanin Inna ne, dillalin shanu, ba kasuwar da ba a san shi ba tun daga Kafin Hausa har bakin iyaka. A danginmu ba a yin babban ciniki sai da shi. Keken ɗinki, injin ban ruwa, gadon amarya, duk shi ake ɗauka ya tsaya. Ba zan zalunce shi ba, a kan saniya ba a ja da shi, in ya zagaye ta ya daki ƙugunta zai gaya maka abin da ta ci jiya. Da Yunusa ya ji Kano za mu tafi da kuɗin raguna sai ya ce sam, mata biyu ba za su shiga hannun 'yan birni su kaɗai ba, a kira Kawu. Na ce me ya haɗa kyamara da saniya. Aka ce in yi shiru, ciniki duk ciniki ne.

Shagon da muka je a Kano yana saman wani bene a cikin kasuwa, ɗan tsukuku, mutum uku sun cika shi. Mai shagon, Abdulfattah, dattijo ne mai tabarau, Shamsiyya ta sha yin magana da shi a waya, ya san abin da take nema har ya ajiye mata. Ya ɗauko wata 'yar kyamara baƙa, da gilashi kamar gwangwanin madara a bakinta. Ya kashe fitilar shagon ya ce ta gwada. Ta ɗaga ta ɗauke ni a cikin duhun nan, ta juyo mini da bayan kyamarar, ga ni nan raɗau har da zaren da ya zazzago a bakin mayafina.

Kawu ya miƙo hannu. Ya ɗora ta a tafinsa, ya ɗaga ya sauke yana jin nauyinta, ya ƙwanƙwasa jikinta da farce.

"Wannan ce raguna biyu?" in ji shi.

Ya ajiye ta, ya soma bin kantocin da ido a hankali, irin yadda yake bin garke. Can sama kusa da rufi ya hango wata, ƙatuwa, da dogon gilashi, ƙura ta kwanta mata.

"Sauko mini da waccan."

Abdulfattah ya ce, "Baba, waccan ba ta aikinta ba ce. Ta masu ɗaukar tsuntsaye ce da 'yan ƙwallo, abin da ke nesa. A ɗaki ba za ta yi mata komai ba. Jikin ma tsohon yayi ne, ba ya son duhu."

Sai na ga Kawu ya yi wani ɗan murmushi, ya waigo ya kanne mini ido. Nan take na san abin da ya ji. A kasuwar shanu, in mai dabba ya fara kushe wata a garkensa, yana cewa wannan ba ta da lafiya, ba za ta yi maka ba, to ita yake ɓoyo, ya ajiye ta ne don wani mai tsoka. Da wannan ilimin Kawu ya yi suna, da shi ya gina gida. Duk gaskiyar da mutumin nan ya faɗa, a kunnen Kawu shaida ce cewa ya gano ta ƙwarai.

Na ce, "Kawu, bawan Allahn nan gaskiya yake gaya mana."

"Ke Hajo, kifi kika sani. Fita ki jira mu a baranda."

Ban fita ba, na dai matsa bakin ƙofa. Shamsiyya ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Kawu, ƙaramar nake so."

"Ai shi ma so yake ki so ta," in ji Kawu. "Ba ki ga tun kafin mu zo ya ajiye miki ita a gaba ba? Bar ni da shi, 'yar nan."

Aka sauko da ita. Kawu ya rungume ta da hannu biyu, ya ji nauyi, fuskarsa ta washe. Ya leƙa cikin gilashin ta gaba kamar mai duba haƙori. Abdulfattah ya sake maimaitawa, har ya ce ko kyauta aka ba ta ba za ta amfane ta a ɗaki ba. Kawu ya gyaɗa kai yana dariya ƙasa-ƙasa, ya taya. Aka ce albarka. Ya saɓa riga ya sauka bene, ya dawo. Ya kushe igiyar wuyan, ya kushe jakar, ya sake sauka. In gaskiya za a faɗa ban taɓa ganin ciniki mai kyau irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin na banza irinsa ba.

Daga ƙarshe Abdulfattah ya dubi Shamsiyya, ya dubi ƙurar da ke kan kayan da suka shekara ba mai tayawa, ya ce, "Ni dai na faɗa muku. Na sallama." Shi ma ina jin haushinsa har gobe. Ya faɗi gaskiya daidai gwargwadon da zai wanke kansa, sannan ya karɓi kuɗi.

Kawu ya cafke hannunsa ya girgiza. An sallama, an tafa, magana ta ƙare. Wanda ya buɗe baki bayan nan ya ce a fasa, ya tsinka Kawu a gaban baƙo ke nan, kuma Shamsiyya ba za ta iya ba ko da wuƙa aka sa mata. Ta kwance bakin zaninta ta miƙa kuɗin. A mota Kawu ya ɗora kwalin a cinyarsa tun daga Kano har gida, yana ba fasinjoji labarin yadda ɗan birni ya so ya liƙa wa 'yarsa abin wasan yara. Da muka sauka ya ce ba zai karɓi la'ada ba, ai 'yar yayarsa ce. Sai da muka yi masa godiya.

Aikin farko bikin Radiyya ne, 'yar maƙwabtanmu, cikin damina. An yi jere, an zaunar da amarya a bakin gado, ƙawaye sun kewaye ta, tsofaffi sun cika ƙofa suna son ganin sabuwar kyamara. Shamsiyya ta ɗaga ta sa ido. Na ga ta ja da baya. Ta ƙara ja har bayanta ya daki bango. Ta ce a ba ta hanya, ta fita ƙofar ɗaki da baya da baya, ta ratsa tsakar gida, tana leƙe tana ja, har ta tsunduma ƙafa ɗaya a kwatar da ruwan wanke-wanke ya taru. Mata suka ce kai, ashe daga nesa take aiki, irin ta manya ce.

Na je na tsaya a bayanta na leƙa. Hoton farko kunne ne da ɗan kunne. Na biyu rabin ɗankwali. Na uku wani abu ne ja da ya narke, daga baya muka gane murfin kula ne a cikin jere. Duk sun yi duhu, duk sun girgiza. Ta dube ni. Wallahi da Kawu yana kusa a lokacin da na manta shi ƙanin Inna ne.

Ita ce ta yi dabara, ba ni ba. Ta koma ɗakin da ƙafarta jage-jage, ta ce, "Bari in ƙara da waya, don in tura muku da wuri." Ta ciro tsohuwar wayar nan tata ta ɗauke su tsaf, amarya da ƙawaye da jere. Su ta kai aka wanke.

Da hotuna suka zo sai gida ya ɗauka. Uwar amarya ta riƙe ɗaya a nesa da fuskarta ta ce, "Kai, babbar kyamara daban ce. Dubi yadda ta fito da yarinyar nan." Wayar nan dai ce, wadda shekara da shekaru suke sallamar ta da kwanon tuwo. Hoton nan dai ne, da dishi-dishinsa. Ba abin da ya canja sai ƙarfen da suka gani a wuyanta. Suka biya ta abin da ba ta taɓa riƙewa a aikin hoto ba, suka ƙara mata da turmin atamfa.

Daga nan aiki ya buɗe. Ana kiran ta Miga, ana kiran ta Jahun, a aiko mota daga Kafin Hausa. Kowace uwar amarya tambayarta ɗaya ce, da babbar za ki zo ko. Tsarin aikinta ya zama ɗaya: ta ɗaga ƙatuwar nan, mata su gyara zama su daina numfashi, ta danna a ji ƙarar nan mai daɗi, ƙyat, ƙyat, sannan ta ce bari in ƙara da waya. In ta dawo gida ta goge kunnuwa da hancinan da ke cikin babbar. Wuyanta ya riƙe, Yunusa ke shafa mata man zafi. Kawu kuwa duk majalisar da ya zauna sai ya ce ku tambaya wa ya zaɓa mata.

Wata rana ta zo rumfata ta zauna a kan benci. Can ta ce, "Yaya, da ƙarya nake cin abinci."

Na ce wace ƙarya, hoto suka saya kuma hoto kika ba su, idonki ne ya ɗauka ba na wani ba. Ta ce ba shi take nufi ba. Ta ce ita ba kuɗin ne ya sa ta kiwon raguna ba. Har yanzu ba ta yi hoto ko ɗaya irin wanda take so ba, kuma ga shi ana ta yabon ta a kan wanda ba ta so. Na ƙulle mata kifi ta tafi da shi.

Ta taɓa kiran Abdulfattah a kan ya karɓa ya musanya mata, ya ce zai yi in ta yi ciko. Ban san wanda ya kai wa Kawu ba. Sai ga shi da yamma, ko zama bai yi ba, wai cinikinsa za a warware, a ina zai sa fuskarsa in aka ji a kasuwa an mayar da abin da Gwadabe ya taya. Ta ba shi haƙuri har da durƙusawa. Maganar musanya ta mutu a nan.

Kada in yi wa abar ƙarya, akwai inda take aiki. In Shamsiyya ta kai wa Yunusa abinci fadama takan tafi da ita. Daga kan gaɓa take jawo masunci a cikin kwalekwalensa har ka ga igiyar da ya ciza a baki. Ta ɗauko tsuntsayen nan jan-baki sun taso daga cikin ciyawar kacala sun rufe sama. Da kyau kam, amma wa zai sayi hoton tsuntsun da ke cinye masa shinkafa? Yunusa ya duba ya ce da harbi take yi da ta biya kuɗinta.

Sai ta sake tarawa, wannan karon ba wanda ya sani sai ni. Tunda ana kwance gilashin, ba sai ta sayi wata kyamarar ba, gajeren gilashin kawai take bukata wanda zai hau bakin wannan. Ya ɗauke ta fiye da shekara, don ga ciyar da yara, ga ruwa ya sake yi wa Yunusa ɓarna. Da ya samu, wani direban motar Kano ya kawo mini shi rumfa a cikin kwalin sabulu, kamar muna safarar abin kunya.

A ɗakina ta gwada, bayan la'asar, taga a rufe. Ta kwance dogon ta kwantar a kan katifa, ta ɗaura ƙaramin. Kyamarar ta koma wata 'yar dunƙulalliya, ba kwarjini ko kaɗan. Ina zaune a ƙasa ina ware kifi a faranti, ban ma gyara ba ta danna. Ta juyo mini da shi. Ga ni, ga faranti, ga labule, ga hasken da ya tsargo ta ƙasan ƙofa ya kwanta a hannuna, har baƙin hayaƙin da ya zauna mini a farce. Tsohon jikin nan da aka ce ba ya son duhu, da ya samu gilashin da ya dace sai ga shi ya yi abin kirki. Shamsiyya ta yi ta dariya tana rufe baki kamar yarinya. Ta ɗauki buta, ta ɗauki takalmi, ta ɗauki kyanwar maƙwabta. Ni ma na yi farin ciki ranar, ba kaɗan ba.

A satin aka yi bikin 'yar Hajiya 'Yar'azumi, matar wani babban ɗan kasuwar shinkafa. Ni na kai musu kifin biki, don haka ina cikin gidan lokacin da Shamsiyya ta yi sallama, fuskarta fes, 'yar kyamara a ƙirji, ta bar dogon a gida. Hajiya na zaune a kan kujera a tsakar gida ana nuna mata kayan gara. Ta amsa gaisuwa, idonta na kan ƙirjin Shamsiyya.

"Ina babbar?"

"Ita ce wannan, Hajiya. Gilashin na canja. Wannan ya fi kyau a ɗaki, bari ki gani."

Ta matsa ta durƙusa, ta kunna bayan kyamarar tana nuna mata hotona. Hajiya ko kallo ba ta yi ba, ta kawar da shi da bayan hannu.

"Ba hoto na tambaye ki ba. Bikin 'yar mai gyaran mashin kin je da babba, kowa ya gani. Ni za ki zo wa da wannan? Me na yi miki?"

"Wallahi Hajiya ba raini ba ne."

"To me ne ne? Dangin ango daga Kano za su zo. So kike su koma su ce ba mu iya ɗaukar mai hoton kirki ba? In kuɗin ne bai yi miki ba ki faɗa a ƙara."

Na ajiye kwandon kifi na ce, "Hajiya, hotunan da kuke yabo ɗin nan," sai Shamsiyya ta waigo ta dube ni. Kallon roƙo ne. In na ƙarasa maganar nan na kashe mata sana'a a gari, ita da 'ya'yanta. Na haɗiye maganar.

Shamsiyya ta hau mashin ta koma gida ta ɗauko dogon. Na tare ta a zaure na ce ta shiga da dogon kowa ya gani, in an natsu a ɗakin amarya ta juya baya ta canja, wa zai kula. Ta ce to. Ta shigo da taɓaryarta a wuya, Hajiya ta ce yauwa, ko ke fa.

A ɗakin amarya na tsaya mata a baya ina kare ta. Ta yi ƙyat ƙyat ɗinta na banza, mata suka saki jiki, ta juya ta fuskanci bango, ta kwance dogon ta miƙo mini, ta ɗaura ƙaramin. Ɗakin ya yi kyau ranar, ba zan ɓoye ba. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan lallen hannun amarya, wata tsohuwa ta dafa kanta tana yi mata addu'a. Shamsiyya ta ɗaga kyamara.

Amarya ta ɗago ta gani. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Anti, ni da babbar nake so."

Ƙawaye suka ɗauka, ai kuwa, da babbar, ranar aurenta guda. Wata har da cewa ko batir take tattali. Tsohuwar ta janye hannunta ta gyara zama, tana jiran a kawo ta gaske.

Shamsiyya ta tsaya da kyamara a hannu, ba ta danna ba. Ta sauke ta a hankali. Ta kwance ƙaramin, ta karɓi dogon daga hannuna ta murɗa shi ya zauna. Ta sa mini ƙaramin a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kansa.

"Yaya, riƙe mini. Kada su gani."

Na koma gefe na zauna da shi a ƙarƙashin hijabi. Ina kallo ta ja da baya har bango, ta ɗaga ƙarfen nan, amarya ta yaye mayafi ta yi murmushi, kowa ya daina motsi, ta ɗauki abin da ta ɗauka, kunne ko hanci, Allah ne masani. Sannan ta laluba jaka ta ce bari in ƙara da waya. An ƙi ci an ƙi sha sai yabon hotunan bikin nan ake yi, Hajiya har ta aika wa Kawu goro.

Gilashin yana cikin akwatina, a naɗe cikin ɗankwali. Shamsiyya na zuwa gidana kusan kullum, mu yi hira, ta ci abinci, ta ɗauki jakarta ta tafi biki. Ba ta taɓa cewa in ba ta ba.